Tsohon iri a gonar iyalin Torres

To, jama'a, mu fara, na baya ku matso gaba, akwai kujeru. Abubuwa huɗu zan kawo daga gonar inabi ta iyalin Torres a yankin Penedès, kusa da Basalona a ƙasar Sifaniya. Tun 1870 suke wannan sana'a, kaka ya bar wa jika.

Na farko shi ne iri. A rabi na biyu na ƙarni na 19 wani ƙwaro, filoksera, ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwar inabi, ya kashe gonaki da yawan gaske. Maganin da aka samu shi ne aurar da inabin Turai a kan saiwar na Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro aure. Da aka zo sake dashe, kowa ya ɗauki irin da kasuwa ke so, na kakanni aka watsar. To a shekarun 1980 Miguel Torres ya fara cigiya. A jarida fa! Ya sa talla cewa duk manomin da ya ga kurangar inabi a gefen gona ko bakin rafi bai san sunanta ba, ya sanar da su. Ku ji da kyau, cigiyar itace a jarida. Ana kawo rahoto, su je su yanko reshe, su bincika, su tsabtace shi daga cuta a ɗakin gwaji, su dasa, sannan su jira shekaru. Shekaru, jama'a, ba damina ɗaya ba. Sun ceto iri fiye da 50. Yawancinsu ba su yi wani abin kirki ba, amma akwai Forcada, fari, mai jinkirin nuna, akwai Moneu, ja, mai jure zafi da fari. Yanzu da zafi ke ƙaruwa, inabi na nuna da wuri, irin da aka raina shi ake nema. Wanda aka raina ɗin nan dai!

Na biyu, sun hau tudu, sun dasa a yankin garin Tremp, a tudu mai tsayin wajen mita 950, don neman sanyi. Sai ƙasa: sun rage huɗa, suna barin ciyawa tsakanin layuka, tumaki su yi kiwo su bar taki. Na uku ke nan ko? To na huɗu, sun rage nauyin kwalbar giyar da suke yi da inabin, kuma a 2019 suka haɗu da iyalin Jackson na Kalifoniya suka kafa ƙungiyar rage hayaƙi. Lokaci na gudu.

Na'am, malama?

Tana cewa wannan gonar giya ce, me ya kai mu? Gaskiyarki, giya suke yi da inabin, kuma hukuncinta a addininmu ba ɓoyayye ba ne. Cigiyar nake so ku ɗauka. A Sadoré kusa da Yamai cibiyar binciken noma ta ICRISAT na ajiye irin gero, takwararta IITA a Ibadan na ajiye na wake, amma akwai wanda ke rumbun tsohuwa kaɗai. Kaura da farafara kowa ya sani. In kun je hutu ku tambayi kakanninku wace dawa aka daina shukawa, kuma me ya sa, ku rubuto mini sunan da garin. In an samu zangarniya ma, ku taho da ita.