Lacca: Yadda Malaman Jami'a Za Su Shirya Ziyarar Nazarin Kasuwanci a Ƙasar Waje

Assalamu alaikum. Shugabannin sassa, malamai, abokan aiki, barkanmu da wannan zama.

Maganarmu ta yau a kan ziyarar nan ce ta mako ɗaya ko biyu da tawagar malamai kan kai wata ƙasa, a shiga kamfanoni da masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da makarantun kasuwanci. Zan fara da inda aka fi yin tuntuɓe, domin tun kafin a yanki tikiti tafiyar take gyaruwa ko ta lalace.

Yawancin tawagogi da zaɓen ƙasa suke farawa. A zauna a ce bana sai Jamus, sannan a shiga neman abin da za a yi idan an isa. Wannan shi ne gini ba tushe. Ku fara da ajin da za ku dawo ku shiga. Kowane malami ya rubuta shafi ɗaya tak: wane kwas yake koyarwa, a wane mako ne yake bayanin abin da bai taɓa gani da idonsa ba, kuma wace tambaya ce littafi ya kasa amsa masa. Waɗannan shafuka su ne za su zaɓa muku ƙasa. Mai koyar da jigilar kaya, tambayarsa za ta kai shi Rotadam ta ƙasar Holan, tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai. Mai koyar da tsarin aiki irin na Toyota yana son ya tsaya a bakin layin haɗa mota a Japan, ya ga katin kanban, wato katin da ke nuna kayan da ake buƙatar a kawo ko a ƙera, yana yawo, ya ga yadda ƙaramin ma'aikaci ke jan igiya ya kira shugabansa idan ya hangi matsala, har layin ya tsaya idan ba a warware ta ba. Mai koyar da harkar kuɗi ta Musulunci zai fi ƙaruwa a Kwala Lamfur, babban birnin Maleshiya. Idan shafukan suka rabu gida uku, to tafiya uku gare ku, kada ku cusa su cikin ɗaya.

A ganina tawaga kada ta wuce mutum goma sha biyar. Da ta haura haka, sai a raba ku rukuni-rukuni a masana'anta, na baya ba ya jin abin da ake faɗa saboda ƙarar injuna, kuma manajan da zai saki jiki da mutum goma sai ya koma karanta jawabi.

Sai lokaci. Ku ba kanku wata shida zuwa tara, kuma ku duba kalandar masu masaukinku kafin taku. A Sin, makon farko na Oktoba hutu ne, haka ma sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa ma'aikata su tafi gida. A Japan akwai jerin hutu daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. A Faransa da Italiya, watan Agusta ba lokacin neman manaja a ofis ba ne. A Saudiyya makon aiki Lahadi yake farawa ya ƙare Alhamis, amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutunta Asabar da Lahadi tun 2022. Wani lokacin kuma kalandar taimaka muku za ta yi: baje kolin Kanton a birnin Guwangzu na ƙasar Sin ana yin sa sau biyu a shekara, ɗaya ya fara a Afrilu ɗaya a Oktoba, kuma kwana ɗaya a can zai haɗa ku da masu ƙera kaya fiye da yadda mako guda na ziyara zai haɗa ku. Sai dai otal yana tsada yana kuma wuyar samu a lokacin.

Yanzu batun biza, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne yake barin malami a gida bayan an biya masa komai. Ranar da aka tsayar da sunayen tawaga, ranar za a karɓi fasfon kowa a duba. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda ɗaya, suna son fasfon da aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, wanda zai ƙara aƙalla wata 3 yana aiki bayan ranar fita daga yankinsu, mai shafi biyu da ba komai a kansu. Ƙasashe da dama, irin su Sin da Singafo, wata 6 suke nema. Saboda haka ku ɗauki wata 6 a matsayin ƙa'idar kowa, ku huta. Bizar Shengen ana iya nemanta tun wata 6 kafin tafiya. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45, kuma wannan lissafin bai haɗa da jiran ranar ganawa ba, wanda sau da yawa shi ne ya fi tsawo. Dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Idan za ku shiga ƙasa fiye da ɗaya, ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta za ku je, idan kwanakin daidai suke kuma sai na ƙasar da za ku fara sauka. Mutane suna zuwa inda layi ya fi gajarta, a mayar musu da takardu, mako uku ya tafi a banza. Ku tuna Birtaniya ba ta cikin Shengen, bizarta daban ce. Amurka kuwa akwai cike fom ɗin DS-160 da ganawa ido da ido. Ku duba har filin jirgin da za ku canja jirgi, domin wasu fasfunan suna buƙatar bizar wucewa ko da ba za a fita daga filin ba.

Takardar gayyata ta ɗauki sunan kowa yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da ranakun ziyara, da wanda zai ɗauki nauyi. Ranakun da ke cikinta su dace da na otal da na tikiti da na takardar izinin jami'a. Saɓanin kwana ɗaya ya isa ya jawo tambaya. Kuma kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Wani malami ya ɗaga hannu yana tambaya ta yaya ake samun kamfanin da zai buɗe ƙofa. Tambaya mai kyau, malam. Wasiƙar da aka aika adireshin kamfani na kowa da kowa ba kasafai ake amsa ta ba. Ku bi ta makarantar kasuwanci ta garin, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu, ko jami'in kasuwanci na ofishin jakadanci, ko tsofaffin ɗalibanku da ke aiki a can. Wasiƙar ta zama gajera: su wane ne ku, mutum nawa, minti nawa kuke so, da tambayoyi uku. Tambayoyin nan su ne za su sa a turo muku manajan da ke riƙe da aikin maimakon jami'in hulɗa da jama'a da bidiyon talla. Ku nemi kamfanoni fiye da yadda kuke buƙata, don wani zai janye ana gobe. Ku sa ƙaramin kamfani a jerin, mai shi zai gaya muku inda ya taɓa yin asara, abin da babban kamfani ba zai faɗa ba.

Jadawali kada ya wuce ziyara biyu a rana, da awa ɗaya da yamma ta zama tare. Ranar sauka ba a sa komai. Jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kafin ya saba da kowace awa ta bambancin lokaci, musamman idan gabas aka nufa, don haka ziyarar da ta fi muhimmanci ku ajiye ta a kwana na uku ko na huɗu. Lokacin da taswirar waya ta ba ku na ƙaramar mota ne, bas mai ɗauke da tawaga ku ƙara masa rabin awa. Idan za a yi amfani da tafinta, a aika masa kalmomin fannin tun mako biyu kafin nan, kuma a sani cewa taron awa ɗaya ya zama na minti talatin.

Ƙananan abubuwa kuma, da sauri. Katin rigakafin shawara sai bayan kwana 10 da yin allura yake fara aiki, kuma tun 2016 ana ɗaukarsa na tsawon rai. Mai shan magani ya riƙe shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin irin su tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tsabar kuɗi idan ta kai yuro 10,000 sai an bayyana ta a shiga Tarayyar Turai, a Amurka kuma idan ta haura dala 10,000. Batirin ajiye caji a jakar hannu yake tafiya. Masana'antu suna neman rufaffen takalmi, wasu kuma suna son lambar fasfo kwanaki kafin ziyara.

A cikin kamfani, kada kowa ya ɗaga waya sai an ba da izini. Hoto ɗaya na layin da ba a so a gani yana iya rufe ƙofar ga duk tawagar da za ta zo bayanku. Idan aka kawo yarjejeniyar rufe sirri, ku nemi a turo ta tun kuna gida lauyan jami'a ya karanta, domin wata tana hana ku amfani da abin da kuka gani a aji, alhali shi ne ya kawo ku. Kowace ziyara a naɗa mata mutum biyu, ɗaya ya jagoranci tambayoyi, ɗaya ya rubuta. A zaman yamma marubucin ya karanta, a raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji daga bakin mai masauki, kowanne a shafinsa. Wannan rabuwar tana da muhimmanci ƙwarai, don kamfani kyakkyawan ɓangarensa yake nunawa, kuma bai kamata ɗalibi ya karɓi talla a matsayin darasi ba.

Wasiƙar godiya ta tafi cikin kwana biyu, a sa tambayar da lokaci bai bari an yi ba. Ranar miƙa darasin misali da kowane malami zai rubuta kuwa, a sa ta tun kafin a tashi, mako huɗu bayan dawowa, sannan a tura wa kamfanin daftarin ya duba alƙaluma ya ba da izini a rubuce kafin a raba wa ɗalibai.