Gambiya a Tsakiyar Senegal: Yadda Ƙaramar Ƙasa Ke Lallaɓa Hulɗarta da Waje

An gabatar da wannan lacca a ɗakin taron wata makarantar sakandare da ke ƙasar Gumel, Jihar Jigawa. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ku dubi taswirar da aka liƙa a allo. Wannan siririn abin da ya kutso daga bakin teku yana bin kogi, shi ne Gambiya. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 11,300 ne, wato rabin Jigawa. Mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, alhali ƙidayar 2006 ta ba Jigawa sama da miliyan 4. Inda ta fi kauri ba ta kai kilomita 50 ba. Arewa Senegal, kudu Senegal, gabas Senegal, yamma teku. Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka a 1889, ta samu 'yanci ranar 18 ga Fabrairun 1965.

Misalinta kamar mai 'yar gona ce a tsakiyar gonar maƙwabcinsa attajiri. Ba ya shiga ba ya fita sai ta gefen attajirin, amma shi ma attajirin ba ya isa fadamarsa ta ƙasa sai ya ratsa ta gonar talakan. Fadamar ita ce yankin Casamance na kudancin Senegal. Duk motar da ta taso daga Dakar za ta can, ko dai ta haye kogin Gambiya, ko ta yi doguwar kewaya ta Tambacounda. Saboda haka duk wanda ya hau mulki a Banjul, babban birnin Gambiya, shafin farko na aikinsa Senegal ne. Sauran ƙawance da yarjejeniyoyi duk tanadi ne na ranar da zama da maƙwabcin zai yi tsami.

A ƙarshen Yulin 1981 Shugaba Dawda Jawara yana Landan wurin ɗaurin auren Yarima Charles aka yunƙura kifar da shi. A lokacin ƙasar ba ta ma da rundunar soja, sai wani sashe na 'yan sanda masu ɗaukar makami. Ya nemi Senegal ta cika alƙawarin yarjejeniyar tsaron da ke tsakaninsu, sojojinta suka shigo suka mayar da shi kan kujera. Ladan wannan aiki shi ne haɗakar Senegambiya, wadda ta fara aiki a Fabrairun 1982. Shugaban Senegal, Abdou Diouf, shi ne shugaban haɗakar, Jawara mataimaki, kuma tsarin bai tanadi karɓa-karɓa ba.

Me ya rusa ta a 1989? Kwastam da kuɗi. Senegal na son a daidaita harajin shigo da kaya, a kuma tafi ga kuɗi ɗaya. Ita kuwa Gambiya, baya ga gyaɗa da baƙi masu yawon buɗe ido, abincinta yana cikin bambancin harajin nan ne. Shinkafa, sukari da yadi suna sauka a tashar Banjul da haraji kaɗan, a tsallaka da su Senegal da Mali da Gini a sayar. 'Yan kasuwar da ke zaune a nan ba sa buƙatar in yi musu bayani, sun san yadda kayan Kwatano suka riƙa biyowa ta Maraɗi. Da an daidaita harajin, wannan ciniki ya mutu. Da ta saki dalasi, kuɗin da take kashewa tun 1971, ta karɓi sefa, ikon tsara darajar kuɗinta ya bar hannunta. Jawara ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya nemi a riƙa juya shugabancin, Senegal ta kwashe sojojinta, haɗaka ta watse. A ganina Jawara ya yi lissafi daidai wajen ƙin sakin kwastam, amma ya bar gibin tsaro. Ƙaramar rundunar da aka kafa, wadda daga baya hafsoshin Najeriya suka riƙa horarwa har da jagoranta, ita ce ta kifar da shi ranar 22 ga Yulin 1994, kuma a wannan karon Senegal ba ta motsa ba.

Yahya Jammeh, wanda ya jagoranci wannan juyin mulki ya hau kujera, ya ɗauki kogin a matsayin bulala. A Fabrairun 2016 gwamnatinsa ta ɗaga kuɗin ratsawar manyan motocin Senegal daga sefa 4,000 zuwa 400,000, jaka 4 ta koma jaka 400. Ƙungiyoyin direbobin Senegal suka tare iyaka kusan wata uku. Su sun sha wahalar kewaya, amma kasuwannin Gambiya ne suka fi jigata, don ba su da wata ƙofar tudu. Wannan shi ne kuskuren da ƙananan ƙasashe ke yawan yi: suna auna zafin da za su iya ɗora wa babba, su manta da auna tsawon lokacin da su kansu za su iya jurewa. Gadar Senegambiya da ke kusa da Farafenni, wadda aka shekara da shekaru ana ɗagewa, sai a Janairun 2019 aka buɗe ta, da kuɗin Bankin Raya Afirka. Kafin nan tirela kan kwana a layin jirgin fito.

Yanzu ga tanadin da na ambata. Ƙasar da ba ta da bindiga ba ta da dukiya, jarinta shi ne kujera. A Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe 193 ne, kowace ƙuri'a ɗaya, ta Gambiya da ta Amurka nauyinsu ɗaya wurin ƙirga. Mafi ƙarancin kuɗin da ake yanka wa ƙasa shi ne kashi 0.001 cikin ɗari na kasafin Majalisar. Amma sashe na 19 na kundinta ya ce wanda bashin da ake binsa ya kai na shekara biyu cikakku, ƙuri'arsa na iya faɗuwa. Abin da ya fi cin ƙananan ƙasashe ke nan, ba ƙiyayyar kowa ba, rashin biyan kuɗi a kan lokaci. A ECOWAS kuma ana cire kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, kwastam ta tara ta miƙa. Da irin wannan zama Gambiya ta samu kujerar wucin gadi a Kwamitin Sulhu a 1998 da 1999, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka take zaune a Banjul, 'yarta Fatou Bensouda ta riƙe muƙamin babbar mai gabatar da ƙara a Kotun Hukunta Manyan Laifuka daga 2012 zuwa 2021.

Jammeh ya bi waɗannan igiyoyi yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A Oktoban 2013 ya fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A Nuwamban shekarar ya yanke hulɗa da Taiwan. A Oktoban 2016 ya sanar da ficewa daga waccan kotu.

Maganar Taiwan tana da darasi na musamman. Ƙa'idar Sin ita ce ba ka hulɗar jakadanci da ita kana yi da Taiwan. Gambiya ta kasance tare da Sin daga 1974, sai a 1995, bayan Turawa sun tsuke tallafi saboda juyin mulki, Jammeh ya koma Taiwan don kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wakilan Gambiya suka riƙa tashi a Majalisar Ɗinkin Duniya suna yi wa Taiwan magana. Da ya sallame ta a 2013, Sin ba ta buɗe masa ƙofa nan take ba, domin a lokacin tana lallashin gwamnatin Taiwan, ba ta son ƙwace mata ƙawaye. Sai a Maris 2016 aka maido da hulɗa. Sama da shekara biyu babu tallafin wannan babu na wancan. A aikin jakadanci ba a sanar da rabuwa sai an gama ƙulla sabuwar a ɓoye, an sa hannu, an tsayar da ranar sanarwa.

Da Jammeh ya sha kaye a zaɓen 1 ga Disambar 2016, ya amince, sannan bayan mako guda ya janye amincewar, bai sami mai tsaya masa ba. Shugabannin ECOWAS, ciki har da Muhammadu Buhari, sun je Banjul ya ƙi ji. Ranar 19 ga Janairun 2017 aka rantsar da Adama Barrow, wanda ya ci zaɓen, a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar. A ranar Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2337 yana mara wa ECOWAS baya, tare da cewa a fara bin hanyar siyasa. Sojojin Senegal suka tsallaka, Najeriya ta tura jiragen yaƙi na sama da na ruwa, Ghana ta ba da dakaru. Ranar 21 ga wata Jammeh ya tafi Equatorial Guinea. Barrow ya soke ficewa daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka, a Fabrairun 2018 kuma ƙasar ta koma ƙungiyar renon Ingila.

Ɗalibai, ku gyara wani abu a littafinku. Ofishin jakadanci ba yankin ƙasar mai shi ba ne. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 cewa ta yi jami'an mai masauki ba za su shiga ba sai da izinin jakada. Tura jakada kuma yana da matakai: a aika sunansa a asirce a nemi amincewar mai masauki, wanda yana iya ƙi ba tare da faɗin dalili ba, in an amince sai a bayyana, ya isa ya miƙa kwafin takardunsa ga ma'aikatar harkokin waje, sannan ya miƙa na ainihi ga shugaban ƙasa. Wanda ya yi gaggawar bayyana suna kafin amsa ta zo, shi ke jawo wa ƙasarsa kunya. Ƙaramar ƙasa ba ta iya ɗaukar hayar gida da albashi da kuɗin makarantar 'ya'yan ma'aikata a kowane birni, don haka yarjejeniyar ta yarda jakada ɗaya ya riƙe ƙasashe da dama daga mazauni ɗaya.

Abin da ya fi ɗaga sunan Gambiya a bayan nan bai ci mata harsashi ko ɗaya ba. Ranar 11 ga Nuwamban 2019 ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya da ke Hague, mai sauraron ƙara tsakanin ƙasashe, kan Musulmin Rohingya, waɗanda sama da 700,000 daga cikinsu suka tsere Bangladesh tun Agustan 2017. Dabarar tana cikin sashe na 9 na yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, wanda ya ba ƙasashen da suka sa hannu damar kai juna gaban kotun. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya yi aiki a kotun da ta binciki kisan Ruwanda, ya san hanya. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi mai mambobi 57 ta tsaya mata. Ranar 23 ga Janairun 2020 kotu ta umarci Myanmar ta kare Rohingya kafin a gama shari'a, a Yulin 2022 kuma ta yi watsi da hujjar cewa Gambiya ba ta da hurumi. A Mayun 2024 Banjul ta karɓi taron ƙolin ƙungiyar karo na 15.

A lokacin tambayoyi wani dattijo mai fataucin shanu ya miƙe ya ce: Allah ya gafarta Malam, mu da kasuwar Maigatari ke ciyar da mu, ina ruwanmu da Gambiya?

Malam ya amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. A nan mu ne babban maƙwabcin. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, amma ba ta da teku, kuma mutanenta da tattalin arzikinta ba su kusa da namu ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na ciki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar da ake ba su, sai a Maris 2024 Najeriya ta janye. Kun ga yadda kara ta kasance a ranakun Alhamis na wancan lokaci, ba sai na faɗa muku ba. Nijar ba ta durƙusa ba, sai ta karkata kayanta ta Lome da Burkina Faso duk da tsada da haɗarin hanya, ta haɗa kai da Mali da Burkina, a Janairun 2025 kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai, irin waɗannan matsaloli na tsakanin ƙasashen biyu su ne aikinta. In ƙungiyarku ta dillalai tana da koke kan shinge ko haraji, ku rubuta shi da kwanan wata, da sunan shingen, da adadin dabbobi, da abin da aka karɓa a kan kowane kai, ku miƙa ta hannun ƙaramar hukuma da masarauta, ku ajiye kwafi.