Gilma Jiménez: Matar da Ta Shigar da Kukan Yara Majalisar Kolombiya

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, na gode da kuka ba ni wannan lokaci. Yau zan kai ku nesa, Kudancin Amurka, ƙasar Kolombiya, domin mu duba rayuwar wata mata mai suna Gilma Jiménez.

Kafin siyasa, aikin jin daɗin jama'a ta karanta, kuma shi ta yi. A zamanin Enrique Peñalosa, magajin garin Bogota, babban birnin ƙasar, wajen 1998 zuwa 2000, ita ce shugabar sashen walwalar jama'a na birnin. Wanda ya riƙe irin wannan ofishi ya san su waye ke zuwa ƙofarsa: yaron da ke kwana a bakin titi, da yarinyar da ta gudo daga gida ta kasa faɗin abin da ya koro ta. Daga nan ta zama kansila a majalisar birnin.

To, ku riƙe wannan, don a kansa maganata take. Yaro ba ya da ƙuri'a. Ba ya zuwa gangami, ba ya kai ƙorafi gidan rediyo. Shi ya sa 'yan siyasa kan shafa masa kai a gaban kyamara su wuce. Ita kuwa wannan mata, a kan yaran ta gina siyasarta gaba ɗaya.

Tana kansila ta tura dokar kafa alluna a birni, a manna hotunan waɗanda aka samu da laifin lalata da yara, kowa ya gan su. Kotu ta taka wa abin birki. Sai ga shekarar 2008. A garin Chía, kusa da Bogota, aka sace wani jariri ɗan wata 11. Ƙasa ta ɗauka, ana ta nema ana addu'a, har aka tsinci gawarsa. Bincike ya nuna mahaifinsa ne ya kitsa sacewar. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Uban da ya haife shi, jama'a.

Wannan ya ba yunƙurinta ƙarfi. Ta shiga kasuwanni da dandali tana tara sa hannun mutane, a yi ƙuri'ar raba gardama kan ɗaurin rai da rai ga mai yi wa yaro fyaɗe ko kashe shi. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu. Majalisar ƙasa ta amince, amma a 2010 Kotun Tsarin Mulki ta soke, saboda kurakuran da aka yi wajen bin ƙa'ida.

A nan ƙullin yake, bari in warware muku shi a hankali. Tsarin mulkin Kolombiya na 1991, a sashe na 34, ya haramta ɗaurin rai da rai. A lokacin, iyakar abin da alƙali zai yanke shekara 60 ne. Amma shi wannan kundin, a sashe na 44, ya ce haƙƙin yara yana gaba da haƙƙin kowa. Gilma ta riƙe na 44, masu sukarta suka riƙe na 34. Suka ce tsananin hukunci ba shi ke hana laifi ba, tabbacin kamawa ne, kuma mafi yawan ɓarnar a cikin gida ake yinta, inda ba a kai ƙara ma balle a je gaban alƙali. Ni a ganina sun faɗi gaskiya a nan. Sai dai kafin ta ɗaga murya, wa yake maganar abin da ke faruwa a cikin gidajen? Rufa-rufa ake yi, a ce kada a tona asirin dangi. Ita ta fasa ƙwan.

A zaɓen 2010 ta tsaya takarar sanata a jam'iyyar masu rajin kare muhalli, ta samu ƙuri'a sama da 200,000, tana cikin waɗanda suka fi kowa. Ta sake kai batun majalisa, bai wuce ba. Ciwon daji ya kama ta, ta rasu ranar 29 ga Yuni, 2013.

'Yarta ta ɗauki tutar. A 2020, zamanin Shugaba Iván Duque, majalisa ta gyara sashe na 34, aka halatta ɗaurin rai da rai a kan waɗannan laifuka, da sharaɗin a sake duba hukuncin bayan shekara 25. A watan Yulin 2021 aka sa hannu kan dokar aiwatarwa, aka raɗa mata sunan Gilma Jiménez. Watan Satumba bai ƙare ba Kotun Tsarin Mulki ta rushe gyaran, ta ce ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam, wanda a kansa aka kafa kundin.

Na ga hannun Hajiya a sama tun ɗazu. Bismillah Hajiya, a miƙa mata abin magana.