Sydney da Brisbane gobe a MCG: kada teburi ya ruɗe ku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da Juma'a daga Melbourne. Yau 27 ga Satumba, 2024, ranar hutu ce a duk jihar Victoria saboda wasan ƙarshe na AFL, wato ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya. Wannan katafaren ginin da kuke hangowa a bayana shi ne filin wasa na MCG, wato Melbourne Cricket Ground, yana ɗaukar mutum dubu 100 da 'yan kai. Gobe Asabar da ƙarfe 2:30 na rana Sydney Swans za ta kara da Brisbane Lions a cikinsa. Ku da ke Najeriya da Nijar, ƙarfe 5:30 na asuba ke nan a wajenku, sai ku idar da salla ku kunna.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, ku riƙe wannan don ku bi ni. A kakar 2024 ɗin nan, kowane ɓangare mutum 18 ne a fili, huɗu a benci, da ɗaya na ko-ta-kwana. Zango huɗu ake yi, kowane minti 20, amma da lokacin da ake tsayar da agogo yakan kai kusan rabin awa. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili. In ka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ba tare da kowa ya taɓa ba, gol ce, maki 6. In ta bi gefe, ko ta daki sanda, ko wani ya taɓa ta, maki 1. Sai babbar dokar da wasan gobe ya rataya a kanta: in aka bugo maka ƙwallo daga nisan mita 15 ko fiye, ka cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai hura. Mark ke nan. Ba mai ikon taɓa ka, ka ja baya ka duba fili ka buga a natse.

To, in ka kalli teburi, Sydney za ka ba kofin nan. Ita ta ƙare a ta ɗaya, nasara 17, rashin nasara 6, kuma ba wanda ya kai ta cin maki a kakar bana. Brisbane ta biyar ta zo, nasara 14, rashin nasara 8, canjaras ɗaya da Adelaide. Tun da aka fara wannan tsarin a 2000, inda ƙungiyoyi takwas na saman teburi ke fafatawa don neman kofi, sau ɗaya kacal wadda ba ta cikin huɗun farko ta ɗauki kofi, Western Bulldogs a 2016, kuma Sydney ɗin nan ta doke a wasan ƙarshe.

Amma teburi jimilla yake ba ka, ba ya gaya maka yaushe aka tara makin. Sydney ta ci wasa 13 cikin 14 na farko. Daga nan ƙafa ta goce, ta sha kashi biyar cikin shida, har da wanda Port Adelaide ta lallasa ta da tazarar maki 112, 148 da 36. Brisbane kuwa a juye tata kakar take. Wasa biyu kawai ta ci cikin bakwai na farko, ga raunin jijiyar gwiwa ya ɗauke mata Keidean Coleman, Lincoln McCarthy, Darcy Gardiner da Tom Doedee. Irin raunin nan kusan shekara yake ci. Mutane sun gama rufe mata littafi, sai ta ci tara a jere. Ɗaya daga cikin taran kuwa Sydney ce, a filin Gabba, gidan Brisbane, 79 da 77.

Mu dubi yadda kowa ya iso nan. Sydney wasa biyu ta yi, duka a gidanta SCG, da hutun mako a tsakani. Na farko da GWS, ɗaya ƙungiyar birnin Sydney, an bar ta a baya da kusan gol biyar, Isaac Heeney ya ɗauke ta a kafaɗa, ta ci da maki 6. Na biyu da Port Adelaide, ta rama da tazarar 36, kuma wannan shi ne wasanta mafi tsafta tun tsakiyar kaka. Brisbane uku ta yi a jere ba hutu, a garuruwa uku. Ta fara da Carlton, har ta kai 60 da 0 kafin Carlton ta ci maki ko ɗaya, aka tashi da tazarar 28. Sai GWS, inda aka ba ta ratar maki 44, ta dawo ta ci 105 da 100, Joe Daniher ya ci gol biyun ƙarshe. Sai Geelong a wannan filin makon jiya, an ba ta ratar 25, ta ci 95 da 85.

Za ku ji masu cewa ƙungiyar da ake ba wa rata haka tana da matsala, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai Sydney ma cutar tana damunta. Duk kakar nan an san ta da sanyin jiki a zangon farko, sai an taɓa ta take farkawa.

Yanzu ainihin maganar. Ƙungiyoyin nan biyu hanyar tafiyar da ƙwallonsu ba ɗaya ba ce, kuma wanda ya tilasta a yi irin tasa shi zai ci.

Sydney gudu take so. Ta ƙwace ƙwallo a bayanta, Nick Blakey ya ɗauka ya tsaga tsakiyar fili yana buga ta a ƙasa duk mita 15 kamar yadda doka ta ce, ya ba Errol Gulden mai ƙafar hagu, ko Chad Warner ya fasa da ƙarfi. Kafin masu tsaron baya su koma mazauninsu ƙwallo ta riga ta shiga da'irar mita 50. Heeney, Warner, Gulden da Blakey, duk huɗun suna cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan bana na All-Australian. Abin da ke sa su yi wuyar tarewa shi ne 'yan tsakiyar nan uku da kansu suke cin gol, ba sa jiran dogayen gaba. In aka bar su minti goma sai su zuba biyar ko shida, wasa ya ƙare.

Brisbane kuwa riƙe ƙwallo take so. Gajeren bugu, mark, a tsaya, a duba, a sake gajeren bugu, a juya ta ɗaya gefen. Dayne Zorko ne direban wannan mota. Shekararsa 35, koci Chris Fagan ya mayar da shi baya a bana, kuma shi ne mai ƙarfin halin buga ƙwallo ta tsakiya inda wasu ke tsoro. Tun 2021 doka ta ce wanda ke tsaye a gaban mai mark ba zai motsa gefe ba sai alƙali ya ce a ci gaba, in ya motsa a ja shi baya mita 50. Wannan dokar ta sauƙaƙa wa masu irin salon Brisbane. Duk mark ɗin da suka yi, daƙiƙoƙi ne da Sydney ba ta gudu, kuma 'yan wasanta ne ke bin inuwa suna ƙona numfashi.

A nan filin ya shigo. MCG ya fi SCG faɗi da tsawo, da kamar mita biyar kowane ɓangare. Ƙaramin abu ne a ido, amma ga mai tsaro babba ne. Sydney tana tsaro ne ta hanyar matse fili, a tura mai ƙwallo bakin layi a tilasta masa dogon bugu cikin cunkoso. A SCG mutum 18 sun isa su toshe ƙofofin. A nan akwai saura, kuma wannan sauran Hugh McCluggage da Jarrod Berry na Brisbane ke nema. Don haka gobe ku lura da abu ɗaya a zangon farko: sau nawa ɗan Brisbane ke cafe ƙwallo ba kowa kusa da shi. In kun ga suna jera huɗu, biyar ba a taɓa su ba, Sydney na cikin matsala ko da allo bai nuna ba tukuna. In kuwa kun ga ana tilasta wa Zorko ya ɗaga ta sama bakin layi, Sydney ta kama hanya.

Salon Brisbane yana da nasa hatsarin. Gajeren bugu ta tsakiya in ya kuskure, ba kowa a bayanka, kuma Sydney ce ƙungiyar da ta fi iya hukunta irin wannan. Kuskure uku na iya zama maki 18.

Sai raunuka. Babban rashin Brisbane shi ne Oscar McInerney, dogon da ke tsalle a tsakiya in alƙali ya buga ƙwallo a ƙasa, ya doke ta wa 'yan tsakiyarsa. Kafaɗarsa ta goce har sau biyu a wasan Geelong, ba zai buga ba. Darcy Fort ne zai maye gurbinsa, wanda da ƙyar ya buga wa babbar tawaga a bana, kuma Brodie Grundy zai fuskanta, mutumin da ya shiga All-Australian sau biyu yana Collingwood. Kowa na cewa nan Sydney za ta ci riba. Ni ina da ja kaɗan. Doke ƙwallo a sama daban, fitar da ita daga cunkoso daban. Lachie Neale, ɗan tsakiyar Brisbane mai lambar Brownlow ta gwarzon kaka har biyu, 2020 da 2023, ya ƙware wajen karanta hannun dogon abokin hamayya, ga Josh Dunkley da Will Ashcroft a gefensa. Aikin Fort ba ya wuce ya jingina da Grundy ya hana shi doke ta daidai inda yake so. Inda Grundy zai cutar da su shi ne bayan tsallen, domin yana bin ƙwallo a ƙasa kamar ƙarin ɗan tsakiya, kuma in Fort ya gaji dole Daniher ya bar gaba ya zo ya taya shi. Duk mintin da Daniher ya yi a tsakiya, Tom McCartin, mai tsaron bayan Sydney, ya huta.

Sydney ta rasa kyaftin ɗinta Callum Mills da ciwon tsokar cinya, Dane Rampe zai ja ragama. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Logan McDonald, da aka saka duk da raunin idon sawu da ya samu makon jiya. Koci John Longmire ya taɓa cin wannan tuwon. A wasan ƙarshe na 2022 ya saka Sam Reid da rauni, dole aka cire shi bayan hutun rabin lokaci, Geelong ta ci da tazarar 81. Ɗan ko-ta-kwana ɗaya ne tak, in ka ƙona shi da wuri a kan wanda ka san ba lafiya, duk wanda ya sake faɗuwa sai benci ya ragu.

McDonald yana da wani aiki da ba ya fitowa a allo. Harris Andrews, babban mai tsaron bayan Brisbane, sana'arsa ita ce ya saki mutuminsa ya je ya cafe ƙwallon da aka ɗaga sama. Maganinsa a ba shi wanda zai ja shi nesa da raga ya sa shi gudu. Mai ɗingishi ba zai iya ba. In Andrews ya sami 'yanci, sai nauyi ya koma kan sauran 'yan gaban Sydney, Joel Amartey da Tom Papley. 'Yan'uwa na Ghana, Amartey naku ne ta wajen uba, kuma ya ci gol tara a wasa ɗaya da Adelaide a bana, amma yakan yi shiru na dogon lokaci. Papley kuwa ina sa ran Brandon Starcevich, mai tsaron bayan Brisbane, za a manna masa.

Wata tambayar ita ce wa James Jordon zai bi. Shi ne mai gadin Sydney, aikinsa ya liƙe wa mutum ɗaya ya hana shi sakat. Ko Neale ko Zorko, ba zai iya biyu ba. Da ni ne Longmire, Zorko zan tura shi, domin daga can salon nasu ke tashi, Neale kuwa ko ka tsare shi akwai Ashcroft da McCluggage.

Raunin Brisbane da ba na likita ba shi ne saiti. Suna kai ƙwallo gaba sosai, sai su yi ta tara maki ɗai-ɗai. Wannan ne ya ci su a hannun GWS a ƙarshen kaka, sannan Collingwood ta doke su da maki 1, suka faɗo daga huɗun farko. In gobe kun ga allo ya nuna musu gol 3 da maki ɗai-ɗai 7 a tsakiyar zango na biyu, ku san sun bar ƙofa a buɗe, kuma Sydney ba ta buƙatar dama da yawa.

Kowa cikinsu da tabonsa. Brisbane ta sha kashi a wasan ƙarshe na bara a hannun Collingwood da maki 4, 90 da 86, kuma rabonta da kofi tun 2003, lokacin da ta ci uku a jere. Sydney ta ci a 2005 da 2012, amma ta faɗi a 2014, 2016 da 2022. A ganina tabon Sydney ya fi zurfi, don wanda aka kayar da maki 4 yana dawowa da yunwa, wanda aka yi wa 81 kuwa da zarar an zuba masa uku a jere sai ya fara tunawa. Kada kuma ku ɗauka filin zai zama na baƙi don ba ƙungiyar Victoria a ciki, karon farko tun 2006. Sydney ita ce tsohuwar South Melbourne da ta yi ƙaura a 1982, Brisbane Lions kuma haɗakar Fitzroy ce da Brisbane Bears a 1996. Duka biyun suna da tsofaffin magoya baya a garin nan, kun ga dai launukan da ke wucewa ta bayana.

Ni Brisbane na ba wa, da tazarar gol biyu zuwa uku, kuma Neale nake zato zai ɗauki lambar Norm Smith ta gwarzon wasa. Abin da zai rushe min lissafi shi ne Sydney ta fito da zafi, Grundy ya ba Heeney da Warner ƙwallo biyu ko uku kai tsaye daga tsakiya a zangon farko, a tilasta wa Brisbane ta bar gajeren bugu ta shiga tsere. Sun dawo daga 44, sun dawo daga 25, amma wannan wasa na huɗu ne a jere, ƙafafu ba za su ba da ta uku cikin sauƙi ba. In an tashi canjaras kuma kada ku kashe, tun 2016 an daina sake wasa, ƙarin lokaci ake yi nan take. Ku rubuta min naku hasashen da tazara a ƙasa, sai mun haɗu bayan wasa in Allah ya kai mu.