Layi ɗaya na Python da ya hana ni barci jiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da muryata, jiya ban yi barcin kirki ba, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba. Layi ɗaya tal na kod ne ya ja min. Shi ya sa na kunna kyamarar nan tun kafin in fita aiki, don in na bari abin ya kwana biyu ba zan faɗe shi da zafin da ya dace ba.

Ga yadda aka yi. A wurin aikinmu akwai wani ƙaton fayil da injin da ke riƙe da manhajarmu yake rubuta duk abin da ya faru a ciki, layi bayan layi, kowane layi da lokacinsa, kuma a jere suke tun daga sha biyun dare har zuwa wata sha biyun. Aka ce in zaro abin da ya faru kafin ƙarfe biyu na dare kawai. Wato ɗan abin da ke farkon fayil ɗin ke nan. Sai na rubuta shi da salon nan da masu amfani da Python, harshen rubuta manhaja, suke kira list comprehension, ni kuwa nakan ce masa ginin jeri a layi guda. Ku duba allo:

zababbu = [layi for layi in fayil if lokaci(layi) < iyaka]

Dubi kyansa don Allah. Gajere, tsaf, ko wanda ya fara koyo jiya zai karanta ya gane. Na danna, na jingina da kujera ina jiran amsa nan take. Minti ɗaya ya wuce, shiru. Biyar, shiru. Sai da ya kusan cinye min minti ashirin, a kan injin haya da ake biya gwargwadon lokacin da ya yi yana aiki. Amsar da ya kawo daidai ce, ko layi ɗaya babu kuskure. Amma abin da ya ci min rai shi ne, tun a daƙiƙun farko ya riga ya samu duk abin da nake nema. Sauran lokacin nan gaba ɗaya yana can yana ɗaga layukan ƙarfe uku, na ƙarfe goma, na yamma, yana tambayar kowanne, kai kafin ƙarfe biyu kake? A'a. Ya ajiye, ya ɗauko na gaba. Haka har ƙarshen fayil.

'Yan'uwa, wannan if ɗin da kuke gani a cikin ginin jeri rariya ce. Aikinta tacewa. Duk abin da aka zuba mata sai ta girgiza shi, mai wucewa ya wuce, mai tsayawa ya tsaya, amma ba ta da bakin da za ta ce wa mai zubawa ya isa haka. Ni kuwa birki nake buƙata. Na san da wannan tuntuni a ka, amma sai jiya na ji shi a jikina.

Wani zai ce to ka saka break mana, umarnin nan da ke katse zagaye. Na gwada don in nuna muku, ga shi nan, SyntaxError ya ba ni tun kafin ya fara aiki. Dalili shi ne break umarni ne mai zaman kansa, shi kuwa ginin jeri ba ya karɓar komai a cikinsa sai abin da ke fitar da wata ƙima. Babu gurbin da za ka cusa umarni.

In kuna so ku ga abin ƙuru-ƙuru, ku buɗe Python ku shigo da count daga itertools, wani kundin kayan aiki da ke zuwa tare da Python. Shi count ƙirga yake yi daga sifili ba ya ƙarewa. Ku rubuta wannan:

[n for n in count() if n < 10]

Hankali zai ce maka sifili zuwa tara za ka samu. Ba za ka samu komai ba. Zai tara goman nan a ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba da ƙirga, miliyan, biliyan, yana jiran ko wataƙila can gaba wata lamba za ta zo ƙasa da goma. Fankar kwamfutarka za ta yi ta kuka har sai ka danna Ctrl da C. Ai Python bai san cewa lambobin hauhawa kawai suke yi ba. Kai ka sani, shi bai sani ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare na tuna da takewhile. Yana nan cikin itertools ɗin, kuma itertools tun Python 2.3 yake, shekarar 2003, ba sai ka sauke komai ba. Na sake rubuta layin:

zababbu = list(takewhile(lambda layi: lokaci(layi) < iyaka, fayil))

Wallahi kafin in ɗaga yatsana daga maɓalli ya gama. Fayil ɗin nan dai, amsar nan dai. Shi takewhile yana ɗauka muddin sharaɗin yana cika, da zarar ya gamu da abu na farko da ya saɓa, sai ya tsaya cak, ba ya ko leƙen abin da ke gaba. Na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki don murna. Kuma a irin wannan lokacin ne nake jin zaman ƙasar waje. Na juya ina neman wanda zan ce wa kai zo ka ga ikon Allah, da Hausa, ya gane abin da nake ji. Babu. Yini guda ina bayanin kod da wani harshe, sai na dawo gaban kyamarar nan nake samun bakin magana. Ku ne mutanena a wannan fannin.

Amma bari in ja muku kunne, don kada wani ya je ya cire duk if ɗin da ke kod ɗinsa ya maye da takewhile ya ce ni na faɗa. Ba abu ɗaya suke yi ba. Ɗauki lambobin nan: 2, 3, 9, 1, 4. Ka ce kana son waɗanda ba su kai biyar ba. Da if za ka samu 2, 3, 1, 4. Da takewhile kuwa 2 da 3 kawai za ka samu, domin yana ganin 9 ya ja birki, 1 da 4 ko ganinsu bai yi ba. Ni ya yi min aiki ne saboda fayil ɗina a jere yake bisa lokaci. In bayananka a hargitse suke, zai yanke maka rabinsu, kuma ba zai nuna maka wani jan rubutu ba. Shiru zai yi ya miƙo maka guntu. Irin wannan kuskuren ya fi wanda ke ihu haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Wancan abu na farko da ya saɓa sharaɗi, wato 9 a misalinmu, takewhile ya riga ya zaro shi kafin ya gane bai dace ba, kuma ba ya mayar da shi. In kana karanta fayil ne ka ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, to layi ɗaya ya salwanta. Ni da nake neman abin da ya faru kafin ƙarfe biyu bai dame ni ba. Amma wanda yake raba fayil gida biyu, kan bayani da gangar jiki, ya yi hattara da wannan layin.

Kun san abin da ya ƙara min haushi? Ashe an taɓa kai wannan kukan. A 2009 wani mai suna Gerald Britton ya rubuta takardar shawarar gyara Python, irin wadda ake kira PEP, mai lamba 3142, yana neman a ƙara kalmar while a irin wannan rubutun, yadda mutum zai ce ɗauko kaza daga kaza muddin kaza. Aka ƙi. Hujjar da na ga ta fi kama hankali ita ce, ginin jeri a Python tamkar ka ɗauki zagayen for da if na yau da kullum ne ka ninke su a layi guda, kowace kalma ma'anarta ɗaya ko a ninke ko a warware. In aka saka while a ciki, ma'anarta za ta bambanta da while ɗin da kowa ya sani. Na fahimta. Amma ni dai a raina da an saka. Harshen Clojure yana da su duka biyun a cikin for ɗinsa, :when na tacewa, :while na tsayawa, kuma da ka karanta ka san niyyar mai rubutun. Harshen Haskell kuwa, inda Python ya aro salon tun asali, shi ba ya lissafa abu sai an buƙace shi, shi ya sa za ka gina jeri marar iyaka ka ɗora masa takeWhile ka kwana lafiya. Ko da yake can ma in ka tace jeri marar iyaka da sharaɗi kawai, tsayawa zai yi yana jira har abada, daidai da abin da na nuna muku.

Ni fa ba zagin Python nake ba, kada a yi min mummunar fahimta. Da shi nake ci da shi nake sha. Kuma ina zaune ne a garin da aka haife shi, Amstadam, inda Guido van Rossum ya ƙirƙire shi a cibiyar bincike ta CWI ya fitar da shi a 1991. Duk ranar da na bi ta kusa da wurin sai na ji wani abu a raina, cewa yau ga ni a nan ina cin abinci da abin da aka fara a ginin can. Shi ginin jerin ma ba da shi aka haifi harshen ba, sai a Python 2.0 ya shigo, shekarar 2000.

To, mu koma. Akwai wata dabara da za ku iya cin karo da ita a tsohon kod, ina roƙonku kada ku kwaikwaya. Mutum ya rubuta ɗan aiki da ke jefa StopIteration, wato alamar ƙarewar kaya, ya saka shi cikin janareta, don ya yaudari Python ya ɗauka kayan sun ƙare. A da tana aiki. Amma PEP 479 ya toshe wannan ƙofar, kuma tun daga Python 3.7 na 2018, RuntimeError za ta haifar maka. Na taɓa gadar kod mai irin wannan, ranar da aka sabunta Python komai ya tsaya, muka yini muna lalube.

Na ambaci janareta, bari in tsaya a kansa kaɗan, don a nan ne na fi ganin ƙannenmu masu koyo suna asara ba su sani ba. In ka cire baka mai kusurwa [ ] na ginin jeri ka saka baka mai lanƙwasa ( ), abin ya daina zama jeri, ya zama janareta, wanda ba ya fitar da komai sai an tambaye shi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya zo a Python 2.4, 2004. Bambancin ba ƙarami ba ne. Jeri mai abu miliyan goma, a kwamfuta mai bit 64, manuniyar kowane abu kaɗai bait 8 ce, kun ga megabait 80 ke nan tun ba a lissafa abubuwan kansu ba. Janareta kuwa ko kilobait ɗaya bai kai ba.

Sai ka ga mutum yana son abu na farko da ya cika sharaɗi, ya gina jeri sukutum, sannan ya ɗauki na farko ya zubar da saura. Ga abin da ya dace:

na_farko = next((x for x in kaya if sharadi(x)), None)

Yana samun na farko ya tsaya, in babu kuma ya ba ka None maimakon ya fashe. In biyar na farko kake so, islice zai yanko maka su daga janareta ya tsaya. Haka any da all, su ma masu tsayawa da wuri ne: any yana ganin gaskiya ɗaya ya gama, all yana ganin ƙarya ɗaya ya gama. Amma in ka saka musu baka mai kusurwa a ciki, ka kashe amfanin, domin sai an gama gina jerin kaf kafin any ya ko fara dubawa. Alamomi biyu kacal, su ne tsakanin daƙiƙa ɗaya da doguwar jira irin tawa ta jiya. Ba yabon kai ba, yanzu in ana duba kod a ofis, ni ne na fara hango wannan, har abokan aiki sun san ni da shi.

Wani zai ce ai an ƙara wa ginin jeri sauri a Python 3.12. Gaskiya ne, a 2023 aka yi wannan gyaran. Amma saurin bai sauya halinsa ba, zai dai bi layukan nan duka har ƙarshe, sai dai ya ɗan fi hanzari.

Kuma don Allah kada kunya ta hana ku rubuta zagayen for na gargajiya. Layi biyar ne: ka buɗe jeri fanko, ka zagaya, in an kai iyaka ka ce break, in ba a kai ba ka ƙara a jerin. In sharaɗin tsayawarka yana da sarƙaƙiya, ko kana buƙatar wancan layin da takewhile ke haɗiyewa, wannan ya fi min komai. Na ga matasa suna murɗa kod har ya koma kamar ƙulli don dai a ce layi ɗaya ne, bayan wata uku su da kansu ba sa iya karanta shi. Ni a aikin jiya takewhile na bari, saboda sharaɗin ɗaya ne kuma fayil ɗin a jere yake, na kuma rubuta ɗan bayani a samansa cewa wannan layin ya dogara ne da jerin lokaci, don wanda zai zo bayana.

Da asuba kafin in kwanta na bincika sauran kod ɗinmu, na samu wurare uku da any ke ɗauke da baka mai kusurwa a ciki, ɗaya ma a kan aikin da ke gudana kowace awa. Su zan fara gyarawa da na isa ofis. Lokaci ya ƙure, bari in kashe kyamara in kama hanya. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, zan nuna muku dropwhile, ɗan'uwan takewhile da ke zubar da farko ya riƙe saura.