Bambancin Dakatar da Lasisin Tuƙi da Soke Shi a Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci. Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da yake rikita 'yan'uwanmu direbobi a nan Amurka, wato bambancin da ke tsakanin a dakatar da lasisin tuƙin mutum da kuma a soke shi baki ɗaya. Zan kafa misalaina da jihar New York, domin kowace jiha da irin dokokinta, kuma hukumar kula da motoci ta jiha, wadda aka fi sani da DMV, ita ce mai ba da lasisi, ita ce kuma mai karɓe shi.

Idan aka dakatar da lasisinka, lasisin yana nan da ransa, an dai hana ka amfani da shi ne na wani lokaci. Akwai dakatarwar da ake yanka mata wa'adi, kamar kwana 90 da ake ba wanda aka samu karon farko yana tuƙi alhali barasa ta fara taɓa hankalinsa. Idan wa'adin ya cika, ya biya kuɗin ɗage dakatarwar, sai ya koma kan hanya da lasisinsa na da.

Akwai kuma wadda ba ta da ranar ƙarewa, kuma a ganina ita ce ta fi haɗari, saboda ba ta zuwa da hayaniya. Ɗan sanda ya rubuta maka tikiti, wato takardar laifin keta dokar hanya, ka jefa shi a aljihun mota ka manta, ko kuɗin kula da 'ya'ya da kotu ta ɗora maka ya taru ba ka biya ba, sai hukuma ta aika wasiƙa zuwa adireshin da ke cikin rajistarta. In ka riga ka tashi daga wannan gida, wasiƙar ba za ta same ka ba. Katin yana nan cikin walat ɗinka, hotonka garau, ranar ƙarewarsa ma da saura, amma ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai ya koma motarsa ya shigar da lambar katin a kwamfuta, a nan ne za ka ji labarin da ba ka zata ba. Irin wannan dakatarwa ko shekara nawa ta yi ba ta ɗaguwa da kanta, sai ka je ka warware abin da ya jawo ta.

Sokewa kuwa wani babi ne dabam, domin lasisin ya mutu ke nan, kuma laifuffukan da ke kai wa gare ta sun fi nauyi. Wanda kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye, wato barasar da ke jininsa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, ana soke lasisinsa na aƙalla wata 6. Haka ma wanda aka samu da laifin gudun wuce ƙa'ida sau 3 cikin wata 18. Wanda ya ƙi yarda a gwada shi a gano ko ya sha, ko wanda ya tuƙa mota babu inshora, nasu aƙalla shekara 1 ne. Ina roƙonku ku lura da kyau: cikar wannan lokaci ba ta dawo wa mutum da komai, dama kawai take ba shi ya nemi sabon lasisi. Hukuma za ta duba tarihin tuƙinsa, tana iya sa shi ya sake jarrabawa, tana kuma da ikon hana shi idan ta ga bai cancanta ba.

Wasu suna tsammanin ƙaura zuwa wata jiha za ta share musu hanya. Ba haka ba ne, domin gwamnatin tarayya tana da rajista ta ƙasa baki ɗaya da ke ɗauke da sunayen waɗanda aka dakatar ko aka soke lasisinsu, kuma jihohi suna duba ta kafin su ba da sabo.

Inda biyun suka haɗu shi ne hukuncin wanda ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da tuƙi. A New York wannan laifi ne da ke kai mutum gaban kotun laifuka, yana iya jawo tara ko ɗauri, kuma yana shiga tarihin mutum. Ga wanda tuƙin tasi ko kai saƙo ne hanyar abincinsa, ko wanda yake jiran a daidaita masa takardun zama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, gara ya ga lauya tun kafin ranar kotu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku shiga shafin DMV na jiharku a intanet ku duba matsayin lasisinku. In kun sauya gida a New York, doka ta ba ku kwana 10 ku sanar da hukumar sabon adireshinku.