Murhun gashi na gas ya ƙi ci? Duba nan kafin ka kira mai gyara

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kan murhun gashin nama mai amfani da gas za mu tsaya, irin wanda ake girkewa a tsakar gida. Galibin waɗanda ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, hanyar gas ce ko ta iska ta samu cikas.

Kafin ka taɓa komai, shinshina. Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa, da gangan ake sa masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya kama. In ka ji shi, rufe tukunyar gas. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin tukunya, da regulato (kan da ake ɗaura wa tukunya don daidaita fitar gas), da tiyo daga farko har ƙarshe, sannan ka buɗe gas a hankali ba tare da kunna wuta ba. Ka ga nan da kumfa ke tasowa tana girma? Nan yake yoyo. Tiyon da ya tsage canza shi ake yi, ba a ɗaure shi da ƙyauron roba. Kuma don Allah ban da gwaji da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru.

To, babu yoyo, amma wutar ta ƙi ƙarfi, ko ka murɗa har ƙarshe sai lasar ƙarfe take yi. Fara da tukunyar: zuba ruwan ɗumi a gefenta ka shafa da hannu, inda ka ji sanyi nan gas ya tsaya. In akwai gas, to zargi ya koma kan regulato. Da yawa daga cikin waɗannan murhuna, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, suna da wani abin kariya da ke rage gudun gas da zarar ya ji ya fita da yawa lokaci guda. Ka buɗe tukunya alhali maɓallan murhu a buɗe suke, sai ya ɗauka tiyo ne ya fashe, ya shaƙe hanya. Maganin: ɗaga murfin murhu, rufe tukunya, cire regulato, murɗa maɓallan duka su yi minti 1 a buɗe, rufe su, mayar da regulato. Yanzu buɗe tukunyar sannu a hankali, ka dakata kaɗan, sannan ka kunna. Mutane da yawa sun sayi sabon regulato a banza saboda wannan.

Sai launin wuta. Mai lafiya shuɗiya ce, da ɗan ja-ja a baki. In ta koma rawaya tana baƙanta nama, iska ce ba ta isa ba. Kashe, bari ya huce, ciro bututun wutar ka leƙa ciki. A Turai da Amurka gizo-gizo ne ke yin saƙa a nan. Mu kuwa har da zanzaro, wanda in ya ga rami sai ya gina ɗakinsa na laka, ga kuma ƙurar hunturu. Zura siririn buroshi ka share, ƙananan ramukan kuma ka bi su da waya, ba tsinken sakace ba, don yana karyewa a ciki.

Makunni in ya daina ƙyas-ƙyas, yawanci batir ne. In yana ƙara amma ba tartsatsi, goge maiƙon da ya rufe bakinsa. Kullum murfi a buɗe ake kunnawa, kuma in daƙiƙa 5 ta wuce bai kama ba, kashe ka jira minti 5 gas ɗin ya watse.

Ita kuwa wutar da ke tashi bal-bal ta ƙone tsire, kitse ne, ba gas ba. Naman rago ya fi jawo ta. In ta kama, rufe tukunya in hannunka zai kai lafiya, ka rufe murfin murhu. Kada ka watsa ruwa, fantsama kitsen zai yi da wutar a jikinsa. Farantin da ke ƙasa mai tarar maiƙo, jawo shi ka kankare bayan kowane gashi, da zarar ya huce.